Kada a naɗe allo don an tashi kunnen doki

Akwai wata ɗabi'a da na lura da ita a wurin masu buga wasannin allo, manya da ƙanana, kuma ba ta yi mini. In mutum ya sha kaye, za ka ga ya koma ya baje wasan tun daga farko yana neman inda aka shammace shi. In ya yi nasara ma yakan koma, ko da don ya sake jin daɗin takun da ya kashe bakin abokin karawarsa. Amma in aka tashi kunnen doki, sai a yi musabaha, a kwashe 'ya'ya, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya ji ciwo, don haka ba wanda ya nemi magani. Ni kuwa a ganina wannan ne wasan da ya fi kowanne cancantar a zauna a kansa, musamman a wasannin haɗa gefe da gefe, inda canjaras ba abin da aka saba gani ba ne.

Ga wanda bai taɓa ganin irinsu ba, ga yadda suke. Ba a cin ɗan kowa, ba a matsar da ɗa bayan an ajiye shi, babu sa'a a ciki. Mutum biyu ne, kowa da launinsa, suna ajiye 'ya'ya bi da bi. Ɗaya yana so ya ƙulla sarƙa daga gefen sama zuwa na ƙasa, ɗayan kuma daga dama zuwa hagu. Tunda dole hanyoyin su gitta juna, ba yadda za a yi su biyun su isa. Wasan da ya fi shahara a cikinsu shi ne Hex. Piet Hein ɗan ƙasar Denmak ne ya fito da shi a 1942, jaridar Politiken ta buga shi a watan Disamba na shekarar da sunan Polygon. A ƙarshen shekarun 1940 masanin lissafi John Nash ya sake fito da shi a jami'ar Princeton ta Amurka, har ɗalibai suka riƙa kiran wasan da sunansa, sannan a 1952 kamfanin Parker Brothers ya sa masa suna Hex. Allonsa gidaje ne masu kusurwa shida irin na saƙar zuma, kuma wanda aka fi bugawa yana da gida 11 sau 11, wato 121.

A Hex ba a yin canjaras. Ba doka ce ta hana ba, siffar allon ce. Duba kowace kusurwa a cikin allon: gidaje uku ne kacal ke haɗuwa a wurin, kowanne yana manne da sauran biyun. Launi biyu, gida uku, don haka in sun cika dole biyu daga ciki su zama na mutum ɗaya, kuma a haɗe. Da gidajen murabba'i ne, huɗu za su haɗu a kusurwa, sai a sami fari biyu a karkace, baƙi biyu a karkace, kowa ya datse kowa, a tsaya cirko-cirko. Hex ba ya ba da wannan damar. Ko da ido a rufe aka cika allon, sai an tarar mutum ɗaya ya haɗa gefensa, ɗaya tak. A 1979 masanin lissafi David Gale ya nuna cewa wannan magana daidai take da wata babbar ƙa'ida ta masanin lissafi Brouwer da malaman lissafi ke ji da ita, in ka tabbatar da ɗaya ka tabbatar da ɗayar. Ga ɗan wasa kuwa ma'anar mai sauƙi ce: in ka tare abokin karawarka tarewa ta gaskiya, ka riga ka haɗa taka hanyar.

Nash ya ƙara da wani abu. Ya nuna cewa wanda ya fara ajiye ɗa shi ke da nasara muddin bai yi kuskure ba. Da a ce na biyu ne ke da dabarar da ba ta faɗuwa, da na farko sai ya jefa ɗa ko'ina, sannan ya ari dabarar ya riƙa bi kamar shi ne na biyu, tunda ƙarin ɗa a allon Hex bai taɓa cutar da mai shi ba. Su biyun ba za su ci tare ba, canjaras kuma babu, saboda haka na farko ne. Sai dai hujjar ba ta faɗi inda za a ajiye ɗan ba. Ta ce akwai hanya, ta ja bakinta ta yi shiru. Don a rage wannan fifiko aka kawo dokar musaya: na farko ya ajiye ɗansa, na biyu ya zaɓa, ko ya ci gaba da launinsa ko ya karɓe ɗan ya zama nasa. Dole na farko ya buɗe da takun da bai cika ƙarfi ba, bai kuma cika rauni ba. A lissafi sai abin ya juye, na biyu ne yanzu ke da nasara, domin kowane takun buɗewa ko mai ci ne ko mai faɗuwa, shi kuma zaɓi na hannunsa. Kwamfutoci sun warware dukkan takun buɗewa har zuwa allo mai gida 9 sau 9, da 'yan kaɗan a 10 sau 10. Na 11 sau 11 har yanzu ya gagara.

Me ya kawo wannan dogon bayani cikin maganar kuskure? A wasan da babu canjaras, a kowane lokaci nasara tana hannun mutum ɗaya, ko ya sani ko bai sani ba. Babu takun da zai ƙwace ta daga hannunsa komai kyan takun, shi kaɗai ne zai iya sakinta. Kuskure na haƙiƙa ke nan, takun da ya miƙa nasara daga hannunka zuwa hannun wancan. Yanzu mu yi lissafi. In an buga da dokar musaya kuma na biyu ya ci, to ko dai ba a yi irin wannan kuskure ba ko ɗaya, ko an yi biyu, ko huɗu, ko shida. In na farko ya ci, an yi ɗaya, ko uku, ko biyar. Tsakanin 'yan Adam a kan allo mai gida 121, wa zai yarda cewa lissafin ya tsaya a sifili ko ɗaya? Nasara takan yi ta kai-komo ba wanda ya lura. Shi ya sa nake murmushi in na ji wanda ya ci yana cewa wasansa ba aibu. Sakamako bai gaya masa haka ba. Abin da ya gaya masa kawai shi ne wancan ne ya yi kuskuren ƙarshe.

Wanda ya faɗi ma sau da yawa ba inda ya kamata yake dubawa ba. Yakan nuna takun da ya ga hanyarsa ta tsinke, ya ce nan ne. Alhali wurin nan ne kawai abin ya fito fili. Ɗauki misalin gada, abin da kowa ke fara koya a Hex. 'Ya'yanka biyu ba su taɓa juna ba, amma akwai gidaje biyu babu kowa a tsakaninsu, kowanne yana iya haɗa su. In abokin karawa ya shiga ɗaya sai ka shiga ɗayan, don haka a haɗe suke ko da ba ka ɓata taku ba. To matsalar tana zuwa ne in ka gina haɗi biyu da suka dogara da gida ɗaya. Kana kallon allo kana ganin komai a ƙulle, sai mutumin ya jefa ɗa a wannan gida guda. Yanzu wuri biyu ke neman agaji, kai kuma taku ɗaya gare ka. Ba takun da ya biyo baya ne ya kashe ka ba, duk wanda ka zaɓa ka tafi. Abin da ya kashe ka shi ne lokacin da ka ƙirga gida ɗaya sau biyu, kuma wannan yana iya kasancewa taku takwas ko goma a baya.

Haka tsani yake. Ɗaya yana bin layi na biyu daga gefe yana neman sauka, ɗayan yana bin layin ƙarshe yana toshewa, gida bayan gida, har su ƙure allo. In mai neman saukar yana da ɗa guda da ke jiransa can gaba kusa da kusurwa, ya sauka, an gama. Wannan ɗan watakila tun farkon wasa aka ajiye shi, a lokacin da mai toshewar ya ɗauka mutumin ya yi asarar taku ne.

Duk wannan a wasan da dole wani ya ci ke nan. Yanzu mu zo kan TwixT, inda maganar canjaras take. Alex Randolph ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin 3M na Amurka ya fitar da shi kasuwa a farkon shekarun 1960. Allonsa ramuka ne 24 sau 24, an cire na kusurwoyi huɗu, saura 572. Maimakon ɗa, turke kake kafawa a rami. Turakanka biyu suna haɗuwa ne da sanda in tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tafiyar doki a wasan ces, wato rami biyu gaba, ɗaya gefe. Sanda ba ta gitta sanda. Ba a kafa turke a layin iyakar abokin karawa. Dokar musaya ma tana nan. Akwai kuma wata doka da mutane ke mantawa, wadda za mu dawo kanta: a lokacin takunka kana iya cire naka sandunan ka sake ɗora wasu.

A nan ma akwai abin da ya yi kama da gada. Turaka biyu da ke da hanya biyu ta haɗuwa da taku ɗaya iri biyar ne: rami huɗu a miƙe, uku da uku a karkace, uku da ɗaya, biyu a miƙe, sai ɗaya da ɗaya. Wanda ya fito daga Hex yakan ɗauka waɗannan amintattu ne kamar gada. Ba haka ba ne. Ka ɗauki na rami huɗu a miƙe. Turkenka ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, ramukan tsakiya biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ko wanne ka kafa ka haɗa. Amma a ce abokin karawa yana da wani turke da ya daɗe a zaune a gefen hagu, dab da turkenka na ƙasa. Sai ya kafa sabo a ramin tsakiya na dama, ya ɗora sanda tsakanin nasa biyun. Turken ya cinye hanyar dama, sandar ta gitta ta hagu. Taku ɗaya, hanya biyu sun mutu. A Hex ɗa gida ɗaya yake cikewa, a TwixT kuwa turke yana zuwa da sanda, sandar kuma tana yanka fili.

Daga nan canjaras ke fitowa. A TwixT tarewa ba haɗawa ba ce. Turakanka biyu suna iya zama kafaɗa da kafaɗa, rami ɗaya kusa da ɗaya, amma ba su haɗu ba, domin sanda tafiyar doki kawai ta sani. Akwai ɓaraka a tsakaninsu. In abokin karawa yana da ramukan da zai kafa ya wuce da sanda ta cikin ɓarakar, ya wuce. In kai kana da ramin da za ka zagaya ka ɗinke ta, ka ɗinke. Amma wani lokaci faɗa yakan yi zafi a ɗan ƙaramin fili, turaka su cunkushe, sanduna su sarƙe, har ya zama kai ba ka iya ɗinkewa, shi kuma ba ya iya wucewa. In wurin nan ne kaɗai mashigar da ta rage wa kowa, wasa ya ƙare ba mai ci. A cikakken allo ba kasafai hakan ke faruwa ba, saboda fili yana da yawa, ana samun ta inda za a zagaya. A ƙananan alluna ya fi yawa.

Ƙarancinsa ne ma ya sa nake cewa a tsaya a duba. Wasan da fili ya wadata haka, in aka wayi gari duk hanyoyi sun mutu sai wani lungu da ya cushe, to da wuya a ce ba wanda ya riƙe nasara ya sake ta. A Hex kuskure yana kai ka daga ci zuwa faɗuwa kai tsaye, kuma zafin faɗuwar zai sa ka bincika. A TwixT akwai mataki na tsakiya. Kana iya zamewa daga ci zuwa canjaras, ka tashi da rabin maki, har a taya ka murna cewa ka yi ƙoƙari. Kuskuren bai ragu da komai ba, hukuncinsa ne kawai ya yi sauƙi, kuma kuskuren da hukuncinsa ya yi sauƙi shi ake maimaitawa.

Ba na cewa laifin su biyun daidai yake kullum. Sau da yawa wanda ya ga an fi ƙarfinsa shi ke jawo cunkoson da gangan. Ya daina neman haɗa tasa hanyar, ya koma kafa turaka dab da na wancan, yana cike ramukan da za a buƙata nan gaba. Wannan gwaninta ce, kuma ya ci halaliyarsa. Amma shi ma yana da tambayar da zai amsa, wato yaya aka yi har ya kai ga neman tsira. Shi kuwa wanda ke gaba, kuskurensa kusan kullum iri ɗaya ne: ya ga ya tare mutumin ta ko'ina, sai ya saki jiki, ya ɗauka aiki ya ƙare, bai tsaya ya ƙirga ko tasa sarƙar tana da ramukan da za ta ƙarasa da su ba. Yana biye wa kowace tsokana da amsa a wuri ɗaya, kowace amsa kuma tana ƙara cushe filin da shi ne ya fi buƙatarsa a buɗe.

Wannan canjaras ne na gaskiya, wanda allo ya yanke. Akwai na biyu, wanda baki ke yankewa, kuma shi ne ba na goyon baya. Mutum biyu sun gaji, wuri ya rikice, kowa yana tsoron kada ya taɓa ya ɓata, sai ɗaya ya ce mu bar shi haka, ɗayan ya ce to. A nan ne dokar cire sanda take da muhimmanci. Wurare da yawa da ake gani kamar sun mutu, sandar mutum ce da kansa ta tare masa hanya. Ya ɗora ta tun da wuri don wata buƙata da ta riga ta wuce, idonsa ya saba da ita har ya manta cewa tana ciruwa. In ya cire ta ya ɗora wasu biyu ta wata fuska, sai hanya ta buɗe. Wanda ya amince da canjaras kafin ya gwada wannan bai san abin da ya bari a kan allo ba, kuma tunda ba zai koma ya duba ba, ba zai taɓa sani ba.

Masu wasan ces sun daɗe suna fama da wannan. A gasar duniya ta 2018 a Landan, Magnus Carlsen da Fabiano Caruana sun buga dogayen wasanni 12, duka aka tashi canjaras. A na ƙarshen Carlsen ne ke da rinjaye a kan allo, amma shi ya nemi a tashi haka, saboda ya fi amincewa da kansa a wasannin sauri na raba gardama, kuma ya cinye su uku a jere. Ta fuskar riƙe kambu ba za a ce ya yi wauta ba. Ta fuskar wasan kansa kuwa, an bar tambaya ba amsa. Tun kafin wannan, a 2005, wata gasa a Sofiya ta Bulgeriya ta hana 'yan wasa miƙa wa juna tayin canjaras kai tsaye, sai ta hannun alƙali kuma a yanayin da ya tabbata. A ces ana iya yi wa mutane uzuri, domin akwai matsayi da yawa da kowa ya san ba mai ci, kuma ana iya yawo da 'ya'ya har gobe. A wasan haɗa gefe uzurin ya fi rauni. Kowane taku yana cike rami, wasa ba ya komawa baya, dole ya kai ƙarshe. In wuri ya mutu da gaske, ana iya nunawa da yatsa.

Za a ce lokaci fa? Mutane suna da ayyuka, gasa tana da zagaye na gaba, wasan da ake bugawa ta intanet taku ɗaya a rana yana iya cin watanni. Gaskiya ne, kuma ban ce a cike ramuka 572 ba. Na ce kowa ya nuna. Kai ka nuna inda sarƙarka ta tsaya da dalilin da ya sa ba ramin da zai ƙarasa ta ko bayan cire sanda, shi ma ya nuna nasa. In wurin ya mutu, 'yan mintuna sun isa. In kuwa an kasa nunawa cikin 'yan mintuna, to bai mutu ba, a ci gaba da wasa.

Za a kuma ce ai wani lokaci canjaras shi ne gaskiyar wasa. Wannan hujja ta fi ta farko nauyi. A 2007 Jonathan Schaeffer da abokan aikinsa a jami'ar Alberta ta Kanada suka tabbatar da cewa wasan diraf mai gida 8 sau 8, in kowa ya buga ba kuskure, canjaras ake yi. Aikin ya fara tun 1989. To amma a lura da abin da suka tabbatar: wasa marar kuskure yana ƙarewa canjaras. Ba su tabbatar da cewa duk wasan da ya ƙare canjaras marar kuskure ba ne. Mutum biyu suna iya isa wuri ɗaya ta hanyar da ɗaya ya zubar da nasara, ɗayan ya tsinta, shi ma ya zubar. Maki iri ɗaya ne a takarda, wasannin kuwa ko kusa ba ɗaya ba ne, kuma ba abin da zai raba su sai bincike.

Akwai kuma masu cewa a kashe canjaras ɗin gaba ɗaya a huta, a yi doka cewa in wuri ya cushe an ba wane nasara, misali wanda ya buga na biyu. Da waɗannan ma ban yarda ba. Ranar da aka yi wannan doka wasa ya canja. Ɗaya zai riƙa neman haɗawa, ɗayan kuma ba ruwansa da haɗawa, cunkoso kawai zai riƙa nema tun daga takun farko, domin shi ma nasara ce a wurinsa. Abin da ke faruwa jefi-jefi sai ya zama dabarar kullum. Wanda ba ya son canjaras yana da Hex, yana da wasan Y mai allo mai kusurwa uku, inda ake neman taɓa gefe uku da sarƙa ɗaya, shi ma ba a tashi ba mai ci. Havannah na Christian Freeling ɗan ƙasar Holan, wanda kamfanin Ravensburger ya fitar a 1981, yana da hanya uku ta cin wasa, zobe, ko haɗa kusurwa biyu, ko haɗa gefe uku. Canjaras yana yiwuwa a cikinsa, da ƙyar ake ganinsa, kuma ba wanda ya ce wasan ya lalace don haka. Yiwuwar canjaras ce ke tilasta wa wanda ke gaba a TwixT ya ƙarasa aikinsa. In aka cire ta, an cire wani ɓangare na abin da wasan ke koyarwa.

Sai maganar kwamfuta, wadda yanzu ita ce amsar kowa: me zai sa in wahalar da kaina alhali manhaja za ta gaya mini? Tarihin na'ura a wasannin nan ya daɗe. Tun wajen 1950 masanin lissafi Claude Shannon ya haɗa wata na'urar lantarki mai buga Hex. Daga baya masu bincike a jami'ar Alberta, ƙarƙashin Ryan Hayward, suka gina MoHex, manhaja mai buga Hex, wadda ta sha lashe zinare a gasar kwamfutoci ta duniya. Freeling da kansa ya sa yuro 1,000 a 2002 ga duk manhajar da za ta ci shi ko da wasa ɗaya cikin goma na Havannah kafin shekara goma ta cika. A 2012 aka buga, manhajojin suka ci shi uku. Ba mai musun ƙarfinsu, kuma tun daga lokacin ƙaruwa suke yi.

Matsalata da su ba ƙarfi ba ce, irin amsar da suke bayarwa ce. Manhaja takan ce maka a taku kaza damarka ta sauko daga kashi kaza zuwa kashi kaza, ga takun da ya fi. Sai ka gyaɗa kai, ka rufe, ka ji kamar ka koyi wani abu. Amma wannan matsayin ba zai sake zuwa maka ba har abada. Abin da zai sake zuwa shi ne tunanin da ya kai ka ga takun, kuma shi manhaja ba ta gani. Ba ta san cewa ka ƙirga rami ɗaya sau biyu ba, ko ka manta da tsohon turken da ke gefe, ko ka ji tsoro ne ka zaɓi amsa tsokana maimakon ka yi gaba. Har ila yau, shirin kwamfuta mai warware wasa ƙwaf ba ya bambance nasara mai faɗi da nasara mai siririyar hanya. A wurinsa duka ci ne. A wurin ɗan Adam kuwa, barin hanyar da taku biyar daban-daban za su kai ka, ka shiga wadda sai ka dace da taku ɗaya tilo sau shida a jere, kuskure ne babba ko da lissafi bai kira shi haka ba. Yawancin cunkoson da ke kai wa ga canjaras daga irin wannan zaɓi yake farawa.

Yadda nake ganin ya kamata a yi shi ne a fara daga ƙarshe a riƙa ja da baya, kuma su biyun tare in da hali. A tsaya a wurin da ya cushe, a cire taku biyu na ƙarshe, a tambaya: a nan akwai mai hanya? In babu, a sake cire biyu. A ci gaba har a iso inda ɗaya zai ce tsaya, da na kafa a can da na wuce, ɗayan kuma ya gwada tare shi ya kasa. An samo wuri na farko ke nan. Kada a tsaya nan, domin galibi in aka ƙara ja baya za a tarar da inda ɗayan ne ke da hanya. A kowane wuri kowa ya faɗi abin da yake tunani a lokacin, ba abin da ya gane yanzu ba. Wannan ne ɓangaren da ya fi wuya, domin mutum yana son ya gyara tarihin tunaninsa. A nan amfanin abokin karawa yake: shi ya san abin da yake tsoro ka yi, kuma sau da yawa abin da yake tsoron ko a ranka bai zo ba. Bayan an gama wannan sai a buɗe manhaja, a ga inda ta saɓa da ku. Yanzu lambobinta suna da abin da za su faɗa a kai.

Ga masu shirya gasa, abu biyu nake nema, kuma ba sa cin kuɗi. A wajabta rubuta taku a kowane wasa, tunda a wasannin nan rubutun ba wuya, harafi ne da lamba. Sannan kada a rubuta rabin maki sai 'yan wasan sun nuna wa alƙali wurin da ya mutu. Wasannin da aka tashi canjaras kuma a ware su, a baje su a gaban kowa bayan gasa, musamman masu tasowa. Wasan da gwani ya lallasa sabon shiga ba ya nuna komai sai tazarar da kowa ya riga ya sani. Wanda gwanaye biyu suka cushe wuri har suka kasa wucewa yana nuna ramin da aka cike da wuri, da sandar da aka manta tana ciruwa, da takun da mai rinjaye ya amsa tsokana alhali da ya bar ta ya tafi ɗaya gefen allon.